Yadda Za A Kula Da Lafiyar Yara A Firamaren Da Ba Ta Da Nas

Wata safiyar Litinin cikin Disamba muna tsaye a filin asambili, sanyin Jos na ratsa ƙashi, sai wani yaro ɗan aji uku ya sulale ya faɗi a layi. Kafin ka ce kwabo malamai sun yi masa caa: wannan na yayyafa ruwa, waccan na tofa addu'a, wani ya ruga neman albasa. Da ya dawo hayyacinsa muka kai shi ofis, na tambaye shi me ya ci da safe. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ban karya ba. Jiya da dare ma shayi kawai na sha." Kofin kunu da ƙosai uku suka tashi kafaɗarsa. A ranar hedimasta ya ɗora mini aikin kula da lafiyar yara, ni da ban taɓa leƙa makarantar koyon jinya ba.

Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar lafiyar makarantu tun 2006, amma takarda ba ta wanke hannun yaro. Makarantu da dama a unguwanninmu ba su da nas, ba su da ɗakin jinya, sai malami ɗaya da aka ce "kai ne na lafiya". Irin wannan malami nake yi wa rubutun nan, da iyayen da ke cikin ƙungiyar iyaye da malamai. Na jera matakan yadda ya kamata a bi su, domin kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da sayen magani, alhali shi ne na kusa da ƙarshe.

Mataki na farko: san yaran da ke gabanka

Sayi littafi mai kauri ɗaya ga kowane aji, ka ba kowane yaro shafinsa. A rubuta lambar waya guda biyu, ta uba da ta uwa ko maƙwabci, domin ranar da za ka nemi ɗaya ranar za ta kasance a kashe. A rubuta ko yaro na da sikila, asma, farfaɗiya, ko wani abinci da jikinsa ba ya karɓa, a kuma duba katin rigakafinsa.

Kada a aika wannan tambaya a takarda ta hannun yaro. Iyaye da yawa suna ɓoye sikila da farfaɗiya don gudun kada a riƙa nuna ɗansu da baki. Ka kira uwa gefe ranar karɓar sakamako, ka ce, "Maman wane, ba don komai nake tambaya ba, don in abu ya taso in san ta inda zan kama." In ta ga sirrinta zai tsaya a wurinka, za ta faɗa maka har abin da ba ka tambaya ba. Littafin kuma ya zauna a kulle.

Maganar sikila ta fi nauyi a Jos saboda sanyi. Garin na zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara a Najeriya, saboda haka da wuya makaranta ta rasa su. Mai sikila a bar shi ya sa suwaita da safa da hula ko da ba kalar yunifom ba ne, a ɗauke shi daga bakin tagar da gilashinta ya fashe, kada a sa shi aikin taɓa ruwan sanyi da sassafe, a bar shi ya sha ruwa ya je fitsari ba sai ya roƙa ba. In ya ce ƙashinsa na ciwo, gaskiya ya faɗa. A kira gida nan take.

A makon farko na kowane zango a auna nauyi da tsayi. Ma'auni ɗaya na aro ya isa, tsayi kuma a manna tef ɗin tela a bango. Yaron da zango biyu suka wuce nauyinsa bai motsa ba, ko ya ragu, a zauna da iyayensa a tura su asibiti. Ido kuwa, a nemi allon gwaji mai harafin E a asibitin sha-ka-tafi, a tsayar da yaro a nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Mun taɓa samun yarinyar da aka shekara ana kiran ta daƙiƙiya, ashe allo ne ba ta gani.

Mataki na biyu: ruwa da sabulu

In kuɗin makaranta abu ɗaya kawai zai iya saya, a sayi sabulu. Gudawa, tsutsar ciki, mura, ciwon ido na Afolo, duk hannu ne motarsu.

Ba sai an ja famfo ba. Ga yadda muke haɗa famfon jarka. A samu jarka mai lita 5, da sanduna biyu masu baki biyu, da sanda ɗaya miƙaƙƙiya, da wata guntuwa ta takawa, da igiya da ƙusa. A kafa sandunan biyu a ƙasa, a gitta miƙaƙƙiyar a kansu daidai tsayin ƙirjin yaro. A gasa ƙusa a wuta a huda jarkar ƙasa da murfi kaɗan, a gefen da ba na mariƙi ba. A rataye ta da mariƙinta a jikin sandar da aka gitta. Sai a ɗaure igiya a wuyan jarkar, ɗaya bakin igiyar a ɗaure shi a kan guntuwar sandar, ta yadda kanta zai ɗan tashi daga ƙasa. Yaro na taka sandar jarka za ta karkata, ruwa ya zubo siriri, ba wanda ya taɓa komai da hannu. A ƙarƙashi a tona ɗan rami a cika da tsakuwa don kada wurin ya zama caɓi. A kafa ɗaya a bakin banɗaki, ɗaya a kusa da azuzuwa.

Sabulun sanda ba ya kwana a makaranta, ko yara su sa a aljihu ko akuya ta lashe. Maganin wannan shi ne ruwan sabulu: a zuba garin sabulun wanki kimanin giram 30 a gorar lita ɗaya da rabi, a cika da ruwa a girgiza, a huda murfin, a rataye kusa da jarka. Ba mai sha'awar sace shi.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne roba ɗaya da yara hamsin za su tsoma hannu a ciki. Na farko ne kaɗai ya wanke hannu, sauran sun yi rabon datti. Ruwa ya zubo daga sama, a cuɗa hannu da kumfa na daƙiƙa 20, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, a yarfe ya bushe a iska, ba a goga a yunifom ba. Lokaci biyu ba sassauci: bayan banɗaki, da kafin cin abincin tara. Mu kan buga ƙararrawar tara minti biyar kafin lokaci, monita ya tsaya a bakin jarka, aji ya bi layi. Da hunturu yara na gudun ruwa saboda sanyi da faso, don haka a cika jarkunan a ajiye su inda rana ke fara bugawa, a kuma roƙi iyaye su riƙa shafa wa yara man kaɗanya ko basilin.

Ruwan sha, kowane yaro da gorarsa. Randa da moɗa ɗaya ga aji guda hanya ce ta yaɗa mura da gudawa. In ruwan rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa, a tafasa, ko a sa sinadarin kilorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha.

Banɗaki a raba na mata da na maza, kowanne da buta da murfin masai, kuma ba mai shiga ba takalmi, domin akwai tsutsar da ke shiga jiki ta tafin ƙafa. 'Yan aji biyar da shida wasunsu sun fara al'ada. A ajiye audugar mata a hannun malama ɗaya da suka saba da ita, su san wurinta za su je ba tare da sun yi bayani a gaban aji ba.

Mataki na uku: abin da ke shiga ciki

A nan zan daɗe, domin a nan aikin yake.

Fara da karin kumallo. Yaron da ya fito da ciki wayam, daga ƙarfe goma ya daina jin malami. Ba sai shayi da burodi da ƙwai ba. Ɗumamen tuwo da miyar kuka da ta ji daddawa ya fi ruwan shayi da biskit riƙe ciki nesa ba kusa ba. Kunun gyaɗa da ƙosai, koko da alale, ko gwaten acca da ya kwana aka ɗumama shi da kyau, duk sun yi.

Abincin tara kuwa, ƙa'idar da nake gaya wa iyaye a taro mai sauƙi ce: abu uku a cikin kula. Ɗaya mai ƙosarwa, ɗaya mai gina jiki, ɗaya mai launi. Mai ƙosarwa shi ne dankalin Turawa, dankalin Hausa, doya, shinkafa, masa ko gurasa. Mai gina jiki shi ne wake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, busasshen kifi ko kindirmo. Mai launi shi ne karas, kabeji, tumatir, alayyahu, zogale, lemo, gwanda, ayaba, gwaiba ko mangwaro a lokacinsa. Wanda ke zaune a Jos ba shi da uzuri a na ukun nan. Daga kasuwar Farin Gada ake lodin kayan lambu zuwa Kudu, dankali kuma daga Bokkos da Mangu yake zuwa mana, amma sai ka buɗe kular yaro ka tarar da taliyar leda tsurarta, ko ganye ɗaya babu.

Ga yadda mako zai iya kasancewa a gidan da ba mai hali ba. Litinin shinkafa da wake da yankan kabeji. Talata ɗanwake da rabin ƙwai da tumatir. Laraba faten dankali da alayyahu da ɗan busasshen kifi. Alhamis awara da dafaffen dankalin Hausa da karas ɗaya. Juma'a, da yake ana tashi da wuri, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ayaba sun wadatar. In ana samun dankalin Hausa mai jan ciki a zaɓe shi, yana da sinadarin bitamin A mai kare ido. Gishirin gida ya zama mai ayodin.

Akwai dabara ɗaya game da ƙarancin jini. Wake da ganye na da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma shayi na rage yadda jiki ke zuƙe shi, lemo da gwaiba da tumatir kuma na ƙarawa. Saboda haka ranar wake a haɗa wa yaro da lemon zaƙi, shayi a ba shi tazara. Malami kuma ya riƙa duba cikin fatar ido da tafin hannun yaron da kullum ke gyangyaɗi. In sun yi fari fat, asibiti ya kamata ya je, ba gaban aji ya yi kamun kunne ba.

Dafaffen abinci ba a son ya wuce awa biyu a waje yana hucewa. Daga ƙarfe shida da rabi zuwa tara ya kai hakan har ya wuce, don haka a zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi. Shinkafar jiya a ɗumama ta har tururi ya tashi ta ko'ina. In ba kula mai kyau, a koma ga abin da ba ya saurin lalacewa: gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ƙwai a cikin ɓawonsa, 'ya'yan itace.

Sai masu talla a bakin get. Mun taɓa korar su, suka koma bayan katanga, yara na miƙa kuɗi ta sama, ba mai ganin abin da ake sayarwa. Da muka gane kurenmu, sai muka kira su muka zauna. Na ce da babbarsu, "Inna, ba cinikinki muke son kashewa ba, jikokinki ne a ciki." Muka yi sharaɗi: a rufe abinci, a ɗiba da cokali ba da hannun da ke karɓar kuɗi ba, a daina naɗewa a tsohuwar takarda, a daina suya da man da ya yi baƙi, zoɓo da kunun aya a haɗa su da tafasasshen ruwa. Wadda ta kiyaye aka ba ta wuri a inuwa cikin makaranta. Da kansu suka riƙa tsawata wa juna.

Kuɗin tara shi ne inda iyaye ke sakaci. Kwalbar lemo mai santilita 35 na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son abin da mutum zai sha a yini ya tsaya wajen cokali 6. Na taɓa auna cokali taran nan a faranti a gaban iyaye, wani uba ya riƙe baki ya ce, "Malama, wannan ai na shayin gidana ne gaba ɗaya." Kuɗin da zai sayi alawa da askirim mai kala zai sayi ƙosai ko gyaɗa da ayaba.

Shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya ya fara a 2016, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati, a kan naira 70 kowane yaro. In ya zo a karɓa hannu bibbiyu, a sa ido kan tsabtar masu dafawa, amma kada makaranta ta jingina da shi. Mu abin da muka yi shi ne asusun kunu: kowane malami da duk uban da ya samu hali ya kawo mudun gero ko gyaɗa a farkon zango, ana dama kunu a fulas biyu a ajiye a ofis. Yaron da malaminsa ya lura bai karya ba, sai a ce, "Zo ka kai mini littafin nan ofis." Ba a kiran sunansa a gaban aji, ba a cewa maraya ne ko ɗan talaka. Hatsin a adana shi a durom mai murfi saboda ɓeraye, su ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tashi da rani.

Mataki na huɗu: ƙulla zumunci da asibitin unguwa

Je ka gai da shugaban asibitin sha-ka-tafi mafi kusa tun kafin buƙata ta taso, ka karɓi lambarsa. Ta hannunsu ake samun maganin tsutsar ciki, ƙwaya ɗaya ta albendazol mai miligiram 400, sau ɗaya ko biyu a shekara gwargwadon yawan tsutsa a yankin. Maganin tsargiya kuma da tsayin yaro ake auna shi, kuma dole sai ya ci abinci, in ba haka ba jiri da amai za su tayar da hankalin makaranta. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, tsargiya ce, daga wanka a rafi ko kududdufi ake ɗaukar ta.

Kada a taɓa ba yaro magani ko allura iyayensa ba su sani ba. A sanar da su mako guda kafin ranar, a gayyaci ma'aikacin lafiya da mai unguwa da liman su yi bayani a taron iyaye. Haka za a yi da rigakafin cutar dajin bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Jita-jita na shiga ne ta ƙofar da aka bari ba bayani.

Mataki na biyar: yanzu ne za a sayi akwatin agaji

A sa auduga, bandeji, filasta, almakashi, safar hannu, maganin wanke ciwo, ma'aunin zafi, farasitamol da ƙullin garin gishiri da sukari na kemis. Kada a sa kafso, kada a sa allura, kada a sa asfirin domin ba a ba yara shi, kada kuma a sa maganin zazzaɓin cizon sauro. Makaranta ba kemis ba ce. Mabuɗi ya zauna a hannun mutum biyu.

Zazzaɓi: in ma'auni ya kai 38, a rage masa kaya, a ba shi ruwa, a kira gida, a ce su yi gwajin jini na yatsa kafin su sayi magani. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Gudawa: a kaɗa ƙullin kemis yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata leda biyu, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. A gida a ci gaba, a haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In akwai jini a bayan gida, ko idonsa ya zurma, ko ya kasa sha, sai asibiti.

Haɓo ya fi yawa da hunturu. Mun saba cewa yaro ya ɗaga kai sama, kuskure ne, jinin maƙogwaro yake komawa. Ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan wurin hancin minti 10 ba saki.

Jijjiga ita ce ke rikita malamai. A kwantar da yaro a gefensa, a kawar da benci da duwatsu, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja, kada a danne shi. In ta wuce minti 5, ko wannan ce ta farko, a nemi Keke Napep a tafi asibiti. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, a gaya wa yara haka don kada su gudu su bar ɗan uwansu.

Ƙuna a zuba mata ruwan sanyi minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai. Mai ƙyanda, ƙarambau, Afolo ko amai ya zauna a gida. Mai makero ko ƙazwa a sanar da iyaye a ɓoye su nemi magani, a hana aron hula da mataji.

Mataki na shida: a bar su su yi wasa

Yaro na buƙatar awa ɗaya ta motsa jiki a yini. Langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya da ƙwallo sun isa, ba sai an sayi komai ba. Hana aji fita tara don horo ba dabara ba ce. Barci kuma awa 9 zuwa 12 ne ga ɗan firamare. Yaron da ya dawo daga boko ya wuce Islamiyya, ya dawo ya zauna kallo a waya har sha ɗaya, gobe a kan benci zai rama.

A makon ƙarshe na zango a juye ruwan jarkuna a kife su don kada sauro ya yi ƙwai, a duba ranar lalacewar duk abin da ke cikin akwati, a raba ragowar hatsin asusun kunu. Ranar ba da hutu kuma, kafin a sallami yara, a tsaya a ja musu kunne kan tsofaffin ramukan haƙar kuza da ke cike da ruwa a bayan gari. Samansu a kwance yake, amma bakinsu na zabtarewa, zurfinsu kuma ya fi tsayin gida. A maimaita wa iyaye wannan a rubuce a bayan katin sakamako.